Dutsen Mikiya Nawa Ne a Duniya?

Ku da kuke cewa kun ga mai son garinsu, ba ku ga kome ba in ba ku ga mai unguwa Anaruwa ba. Ƙauyen nasu ɗan ƙarami ne, gida bai fi sittin ba, a gindin wani dutse da ake kira Dutsen Mikiya, kuma sunan dutsen shi ne sunan garin. Mikiyar kuwa ba wanda ya taɓa sa ta a ido. Ko kakar Anaruwa cewa ta yi ita ma labari ta ji. Shirwa ce dai ke shawagi kullum tana ɗauke musu 'yan tsaki. Amma ka kuskura ka faɗi haka a gaban mai unguwa, to ranar ba za ka ci tuwon gidansa ba.

In baƙo ya sauka, tun ba a shimfiɗa masa tabarma ba Anaruwa zai ɗaga sanda ya nuna. "Ka gan shi nan? Daga nan har bangon duniya babu na biyunsa. Ko a suna babu."

Dutse dai ga shi nan, Allah ya yi shi da kyau, ba a ƙi ba. Abin da babu shi ne ruwa. An sa wa mai unguwa Anaruwa ne don ana tsuga ruwa aka haife shi, amma abin a suna ya tsaya. Rijiya uku aka gwada haƙawa a garin, kowacce in an yi gaba huɗu sai a ci karo da falalen dutse, diga ta koma tartsatsin wuta. Da rani mata sai su ɗauki tuluna su tafi wani ƙafaffen rafi, su tona yashi, su zauna jiran ruwa ya tsattsafo ƙwarya-ƙwarya. Wadda ta fita da sassafe ba ta dawowa sai azahar. Matar mai unguwa, Kuluwa, har gashin tsakiyar kanta ya ƙare saboda gammo, kuma ita kaɗai ce a garin ke iya dubansa ta gaya masa magana.

"Mai gida, da ana shan dutse, ai da mu ne sarakunan duniya."

Maganar nan tana ci masa rai, don ya san gaskiya ce. Shi ya sa ya shekara tara cur yana sintiri ofishin ruwa na ƙaramar hukuma, yana neman a haƙa musu rijiyar burtsatse. A bakin ofishin akwai wani tsoho mai tebur a gindin darbejiya, wanda ke rubuta wa mutane takardun koke. Ranar farko tsohon ya ɗaga kai ya ce, "Dutsen Mikiya ta wace gunduma? Bari a ƙara da sunan hakiminku da hanyar da ake bi."

Anaruwa ya dube shi sheƙeƙe. "Malam, rubuta Dutsen Mikiya ka ajiye alƙalami. Ka taɓa jin an yi wa rana kwatance?"

Tsoho ya ce to, ai mai kaya shi ke da magana. Haka aka yi ta rubutawa shekara tara.

Kwatsam, a shekara ta tara da tsakiyar bazara, sai ga takarda. An amince. Motar haƙa za ta iso Dutsen Mikiya ranar Alhamis. Kai, zo ka ga mai unguwa! Baki har kunne. Ya sa liman ya karanta takardar a masallaci, ya sa aka sake karantawa a dandali, sannan ya naɗe ta ya cusa a rawani yana yawo da ita. Ya tsaya gaban mata ya buga sanda a ƙasa ya ce daga Alhamis ɗin nan ciyawa ce za ta cinye hanyar rafi. Kuluwa ta rangaɗa guɗa, ta ɗauki gammonta ta wurga bayan katanga.

Ranar Alhamis gari ya tashi tsaf. An share dandali. Anaruwa ya yanka ragon da yake kiwo don babbar salla, wai ba za a ce ma'aikatan gwamnati sun zo Dutsen Mikiya sun ci gaya ba. Mata suka juye duk ruwan da ke cikin randuna, aka yi girki, aka yi wanki, aka yi wa yara wanka har da sabulu. Me za a yi da tanadi, tunda gobe ruwa sai an ture? Makaɗa suka jeru a bakin hanya, kowa da gangarsa a rataye.

Da hantsi aka ji ƙarar inji. Makaɗa suka ɗauka, mata suka saki guɗa. Ashe mai injin niƙa ne ya tayar da injinsa. Bayan azahar aka sake jin ƙara, aka sake ɗauka. Wannan karon wani mai babur ne ya ɓata hanya, ya ga gari guda na yi masa kiɗa, ya juya da gudu ko gaisuwa bai yi ba. La'asar ta yi, shiru kake ji, malam ya ci shirwa. Daga ƙarshe mutanen gari suka zauna suka cinye ragon, kowa na ci yana kau da kai daga mai unguwa. Washegari ko ruwan alwala babu a garin. Kuluwa ta zagaya bayan katanga ta ɗauko gammonta, ta kakkaɓe, ta aza tulu a ka ta nufi rafi. Da ma ta yi masifar, da ya fi masa sauƙi.

Mako ɗaya, mako biyu, mako uku. Anaruwa yana ta ba mutane haƙuri, wai aikin gwamnati ba a yi masa gaggawa. Ana nan sai ga Cindo, wani mai tallan gishiri da kanwa da ke zaga kasuwannin ƙauye a kan babur. Ya sauke kaya, ya gaisa, sannan ya ce, "Mai unguwa, ashe kuna da takwara ba ku taɓa faɗa ba?"

"Takwaran wa?"

"Na dutsenku mana. Shekaranjiya na yada zango a Dutsen Mikiya ta hayin gulbi. Kai, na sha ruwa! Sabuwar burtsatse gar, ga allo an kafa da sunan garin. Sun ce wata Alhamis kawai suka wayi gari suka ga mota."

Anaruwa ya ji kamar an buga masa taɓarya a ƙeya. Ya ce ƙarya ne. Cindo ya ce ga babur, in mai unguwa na so gobe ya kai shi ya gani da idonsa.

Tafiyar rabin yini ce, a cikin ranar bazara. Tun a hanya Anaruwa ya ƙudura a ransa ko za a yanka shi ba zai sa ruwan mutanen nan a baki ba. Da suka isa ya ce wa Cindo, "To, ina dutsen?" Cindo ya nuna. Wai dutse! Tarin duwatsu ne da bai fi tsayin rumbu biyu ba, ga wata akuya tsaye a ƙololuwarsa tana tuƙa. A gindinsa kuwa ga famfon tuƙa-tuƙa yana aman ruwa. Mata na wanki, ana ba jakai, har wani ya fara kafa lambun albasa a inda ruwan ke malala. Allo ga shi nan a kafe, liman ba ya kusa amma Cindo ya karanta masa: Dutsen Mikiya.

Mai unguwar garin, wani dogon tsoho mai fara'a da ake kira Jatau, ya fito da sauri. "Lale, lale! Manyan baƙi! Yau takwara ne a garinmu? A kawo ruwa!"

Aka kawo a sabon kwanon sha, garai-garai, har gefen kwanon na raɓa. To, baƙo dai ba ya ƙin ruwan maraba, sai in faɗa ya zo yi. Ga shi maƙogwaro ya bushe, harshe ya manne. Anaruwa ya dubi kwano, ya dubi Cindo, Cindo ya ɗaga kai sama kamar mai neman wata. Anaruwa ya kafa kai. Bai sauke ba sai da ya ga gindin kwano, aka ƙaro, ya sake shanyewa. Ruwan ga daɗi ga sanyi, abin da ya ƙara ƙona masa rai ke nan.

Ya goge gemu ya ce, "Mai unguwa, takarda nawa kuka rubuta kafin a yi muku wannan?"

"Takarda? Mu? Ai ko alƙalami ba mu ajiye ba a garin nan."

"To ya aka yi?"

"Muna zaune mota ta tsaya. Direba ya leƙo ya ce nan ne Dutsen Mikiya? Muka ce nan ne. Ƙarya muka yi?"

"Ba ku ce masa akwai wata ba? Ta ainihin?"

Jatau ya yi dariya har da tafa hannu. "Haba takwara! Arziki ya yi sallama a ƙofarka, sai ka ce masa ya gwada gidan gaba? Mu ma sai yau muka san da ku. Ai rabon kwaɗo ba ya hawa sama."

"Shekara tara nake bin rijiyar nan."

"Allah ya saka maka da alheri. Wallahi tun da aka haƙa muke yi wa wanda ya nema addu'a, ba mu san ko wane ne ba. Ashe kai ne. Jama'a, ku zo ku ga mutumin!"

Nan fa aka yanyame shi ana godiya, tsofaffi na sa masa albarka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da za su tafi Jatau ya sa aka cika jarka biyu aka ɗaura musu a babur, wai tsarabar iyali. Anaruwa ya so ya ƙi, sai ya tuna kan Kuluwa, ya karɓa.

Da ya iso gida Kuluwa ta ɗiba ta kurɓa, ta lumshe ido. "Ruwanmu akwai daɗi, mai gida. Sai dai rijiyar tamu ta ɗan yi nisa da gida."

Ranar Litinin Anaruwa ya naɗa rawani ya nufi ofishin ruwa.

Wanda ke riƙe da aikin rijiyoyi wani matashi ne, Injiniya Hambali, mai laushin murya da yawan murmushi, irin mutanen nan da za su hana ka abu har ka yi musu godiya. Fanka na kaɗawa a kansa, ga kwamfuta a gabansa, ga gorar ruwan sanyi a gefe yana kurɓa jefi-jefi. Ya saurari Anaruwa har ƙarshe, sannan ya janyo wani fayil ya buɗe.

"Baba mai unguwa, ai a wurinmu aiki ya kammala. Ga kokenka, ka ce Dutsen Mikiya. Ga amincewa, Dutsen Mikiya. Ga hoton rijiya, ga allo, Dutsen Mikiya. Ina kuskuren?"

"Yallaɓai, kuskuren shi ne har yanzu matana yashi suke tonawa."

"Ai da ka sa gunduma a takardar."

"Dutsen Mikiya guda ɗaya ne a duniya! Wancan tarin tsakuwa ne, ko akuya ta raina shi."

Injiniya ya yi murmushi ya juyo da kwamfutar. "Matso ka gani, Baba. A jihar nan kaɗai, a taswirarmu, huɗu ne. Naku ma ba ya ciki, da shi biyar ke nan. Bari kuma ka ga na waje." Ya ɗan daddanna. "Ka ga wannan? Amurka ke nan. Da harshensu sunansa Dutsen Mikiya. Ga wani, shi ma a can. Ga wani kuma. Wannan a Turai yake. Duk inda mutum ya ɗaga kai ya ga tsuntsu a kan dutse, sunan da yake sa masa ke nan."

Anaruwa ya ƙura wa hotunan ido. Duwatsu ne manya-manya, wasu kansu fari fat, wasu ga tafki shimfiɗe a gindinsu. Shekara sittin da ɗoriya yana nuna wa baƙi dutse da sanda, ashe abin nan kamar sunan yanka ne, kowane gida akwai mai shi. Kunya ta kama shi, irin wadda bai ji ba ko ranar da aka cinye ragonsa. Can ya nisa ya ce, "Yallaɓai, su waɗannan na Amurka, su ma an kai musu rijiyarsu wani gari?"

"Su ai suna rubuta cikakken adireshi."

"To yanzu mene ne abin yi?"

"Doka ba ta yarda a haƙa rijiya biyu da suna ɗaya a shekara ɗaya ba. Masu bincike za su ce mun ci kuɗin guda. Sai dai ku sauya wa dutsenku suna, ku sake koke."

A da, wanda ya ce wa Anaruwa ya sauya wa dutse suna sai an raba su. Yau kuwa ya tuna randunan gidansa, ya ce, "An sauya. Rubuta Farin Dutse."

Injiniya ya danna. "Akwai su birjik. Akwai ma wani shahararre tsakanin Faransa da Italiya."

"To Baƙin Dutse."

"Wannan ai har ƙasa guda ce a Turai ke amsa sunan da harshensu."

"Dutsen Zaki."

"Baba, ƙasar Saliyo ma daga nan sunanta ya samo asali."

"Dutsen Biri! Ko shi ma Turawan sun riga mu?"

"Wannan mutanen Asiya ne suka riga ku."

Anaruwa ya cire hannu daga kan sanda ya riƙe haɓa. "Ikon Allah. Wato duk duniya ba wanda ya zauna ya yi tunani, kowa abin da ya gani ya faɗa?" Ya dubi gorar da ke kan tebur, injiniya ya ɗaga ta ya sake kurɓa. Sai ya ce, "To rubuta Dutsen Ƙishirwa. Duba mini, shi ma akwai?"

Injiniya ya danna, ya sake dannawa, ya gyara zama. "Wannan kam ban ga kowa da shi ba."

"Alhamdu lillahi! A rubuta."

"A'a Baba, ba zai yiwu ba. Wannan ai ɓata wa gwamnati suna ne. In manya suka gani a taswira, sai a ce ba ma aiki."

"Af! To ku ba mu ruwan mana, sunan ya zama ƙarya."

Wani ma'aikaci da ke teburin gefe ya sunkuyar da kai cikin fayil, kafaɗarsa na rawa. Injiniya ya ɗan ɓata rai, sannan ya maido da murmushinsa. "Haƙuri za ku yi, Baba. Mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa."

"Dutsen kam muna da shi, yallaɓai. Da wane ruwan za mu ɗora sanwar?"

Nan fa murmushi ya ƙare. Injiniya ya rufe fayil, ya ɗora hannu biyu a kai, ya koma magana da muryar ofis. "Bari in gaya maka gaskiya, mai unguwa, don kada ka yi ta wahalar da kanka. Ko an sake amincewa, matsalar tana nan. Garinku ba ya cikin taswira. Ba kwalta, ba allo a mararraba, ba kome. Na tambayi direbobinmu ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya san hanyar. Duwatsu ne ko'ina masu suna iri ɗaya. Ka gaya mini, a duk faɗin gwamnatin nan, wane direba ne zai iya gane naku dutsen a cikinsu?"

Anaruwa ya miƙe a hankali, ya gyara rawani, ya ɗauki sandarsa.

"Akwai guda ɗaya, ranka ya daɗe. A ba wanda ke kawo mana akwatin zaɓe motar haƙar. Shi duk bayan shekara huɗu yake zuwa, kuma bai taɓa ɓata hanya ba."